Kafin Ka Busa Usur: Hukuncin Taɓa Ƙwallo da Hannu a Filayen Birniwa

A duk filin da ake taka leda, daga cikin garin Birniwa zuwa Diginsa, daga Kazura zuwa Karanka, babu hukuncin da ke tayar da jijiyar wuya kamar na hannu. Ƙeta ana ganinta, ga wanda aka kayar nan kwance a ƙasa. Satar gida ma, idan babu mai ɗaga tuta, an saba yi wa juna uzuri. Amma da zarar ƙwallo ta goga a damtsen wani, sai fili ya ɗauka gaba ɗaya: "Hannu! Rafali, hannu!" Rabin masu ihun ba su ga komai ba, sun dai ji na kusa da su ya faɗa. Alƙali kuwa daƙiƙa ɗaya ko biyu gare shi ya yanke. Ba shi da na'urar VAR, sau da yawa ba shi da mataimaka, kuma bayan an tashi, a gari ɗaya zai kwana da waɗanda ya yi wa hukuncin.

Wannan jagora na irin waɗannan alƙalai ne: malamin makarantar da aka miƙa wa usur don shi ne mai ɗan sanin doka, tsohon ɗan wasan da gwiwa ta hana gudu amma ba ta raba shi da fili ba, da matashin da ke fatan wata rana ya busa wa Jigawa Golden Stars ko Kano Pillars wasa a gasar ƙasa. Dokar da ke hannunsu ita ce ke hannun mai busa gasar cin kofin duniya. Fili ne ya bambanta, da ƙura, da rashin mai taimako.

Hukumar IFAB ce ke rubuta dokokin ƙwallon ƙafa tun 1886. A cikinta hukumomin ƙwallon Ingila da Sikotilan da Wales da Ireland ta Arewa kowace na da ƙuri'a ɗaya, FIFA na da huɗu, kuma ba a sauya doka sai da ƙuri'a shida cikin takwas. Dokokin 17 ne, batun hannu yana cikin ta 12. An taɓa wannan batu sau da yawa a 'yan shekarun nan: an tsananta shi a 2019, an fayyace iyakar hannu a 2020, an sassauta a 2021, aka kuma gyara zancen kati a 2024. A nan rikicinmu ya samo asali. Mutum ya koyi dokar a gidan kallo a 2019, ya tsaya nan, yau yana tsaye a bakin fili yana zagin alƙali da dokar da aka riga aka soke. Abin takaicin shi ne wani lokaci alƙalin ma da ita yake busa. Littafin dokokin kyauta ne a shafin IFAB na intanet da manhajarta ta waya, kuma sabon bugu kan fara aiki ranar 1 ga Yuli kowace shekara. Duk mai riƙe usur ya kamata ya leƙa shi kafin gasannin bayan kaka su kankama.

Daga ina hannu ya fara?

Daga ƙasan hammata. Ka ɗauka an ja layi daga gindin hammatar ɗan wasa ya zagaye damtsensa: abin da ke sama da layin kafaɗa ce, an yarda a tare ƙwallo da ita, an yarda a ci da ita. Abin da ke ƙasa, damtse da gwiwar hannu da tsintsiyar hannu da tafi da yatsu, shi ne hannu. Wasu kan ce iyakar ita ce bakin hannun riga. Kada ka dogara da wannan a filayenmu, inda wani ke sanye da singileti, wani kuma da rigar yayansa da ta sauko masa har gwiwar hannu. Hammata za ka duba. Wannan iyakar ce kuma ake amfani da ita a satar gida: ba a lissafa hannun kowa, har da na mai tsaron gida.

To, ƙwallo ta taɓa ƙasan hammata. Ba a busa tukuna. Tun 2021 dokar ta faɗa a fili cewa ba kowace taɓawa ce laifi ba, kuma wannan shi ne ginshiƙin komai. Hanyoyi uku ne kaɗai taɓawa ke zama laifi.

Ta farko ita ce ganganci, kuma ita ce mai sauƙi. Hannu ne ya je wa ƙwallo, ko ƙwallo ce ta je wa hannu? Ba a ce ka karanta zuciyar ɗan wasa ba, motsinsa za ka karanta. Ƙwallo za ta wuce shi, ya miƙa hannu. Ta yi tsalle za ta kuɓuce masa, ya ɗan gyara ta da damtse. Haka Thierry Henry ya yi wa Ireland a birnin Paris a watan Nuwamban 2009, ya tare ta da hannu kafin ta fita, ya miƙa wa William Gallas ya ci, Faransa ta tafi gasar duniya. Irin wannan babu gardama a kansa sai dai idan alƙali bai gani ba.

Ta biyun ce ke cin mutane, don haka a kanta zan daɗe. Laifi ne ƙwallo ta taɓa hannun da ɗan wasa ya ajiye ta yadda ya ƙara wa jikinsa faɗi ba bisa ɗabi'a ba. A nan ba a tambayar niyya. Tambayar ita ce: inda hannun nan yake, motsin da jikinsa ke yi a wannan lokacin ne ya kai shi can? Idan haka ne, babu laifi. Idan ba haka ba ne, shi ya sayi kasada da kuɗinsa, ƙwallo na taɓa shi sai usur.

Ɗan Adam ba ya gudu da hannaye a manne da cinya. Mai gudu hannayensa na kai da komo. Mai tsalle don ya sa kai dole ya ɗan buɗe su ya ɗaga jikinsa. Mai juyawa da sauri yakan saki hannu ɗaya ya daidaita kansa. Wanda ya zame ya faɗi zai dafa ƙasa. Duk waɗannan jiki ne ya nema. Amma ɗan bayan da ya fuskanci mai bugu ya buɗe hannaye gefe da gefe don ya toshe hanya, ko wanda ya yi tsalle a cikin katanga da hannu sama da kansa, ko wanda ya zamo ƙasa don tare ƙwallon da za a kwaso daga gefe alhali hannunsa ɗaya na miƙe sama, waɗannan ba jiki ne ya nema ba. Sun mayar da hannu shinge.

A wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, ranar 1 ga Yunin 2019 a Madrid, ba a cika minti ɗaya da farawa ba Sadio Mane ya ɗaga ƙwallo ta bugi ƙirjin Moussa Sissoko na Tottenham ta gangara hannunsa. Sissoko bai nufi ƙwallo ba, yana nuna wa abokansa inda za su tsaya ne. Amma hannun a miƙe yake, kuma ba gudu ko tsalle ne ya miƙe shi ba. Aka ba Liverpool fanareti, Mohamed Salah ya ci. Ka riƙe wannan misali, don a filayenmu 'yan baya suna yawan nuni da hannu suna tsara juna a daidai lokacin da ake shirin kwaso ƙwallo.

Ga kuma wanda har yau yake mana ciwo. Ranar 26 ga Yunin 2018 a Saint Petersburg ta Rasha, a gasar cin kofin duniya, Najeriya da Ajantina suna 1-1, kuma kunnen doki ya ishe mu mu wuce zagaye na biyu. Ahmed Musa ya kwaso ƙwallo, Marcos Rojo ya yi tsalle ya sa mata kai, ta sauka a hannunsa. Alƙali Cuneyt Cakir na Turkiyya ya je ya duba na'ura, ya ce babu fanareti. Rojon nan ne kuma ya ci mu ana dab da tashi. Na so a ce an ba mu, kamar kowane ɗan ƙasar nan. Amma idan ka cire rigar Super Eagles ka sa ta alƙali, za ka ga mutum ne ya yi tsalle yana neman ƙwallo da kai, ya same ta, ta karkace daga kansa zuwa hannun da tsallen ya buɗe. Ba shi da lokacin janye shi. A ganina Cakir ya yi daidai. Shekara guda bayan haka, ranar 14 ga Yulin 2019 a Alƙahira, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Afirka, Oghenekaro Etebo ya buga ta sami hannun Aissa Mandi na Aljeriya. Bakary Gassama na Gambiya ya duba na'ura ya ba mu fanareti, Odion Ighalo ya ci. Mandi bai taɓa ƙwallon da wata gaɓa ba kafin ta sami hannun, kuma hannun ya tare bugun da ya nufi raga. Wanda ya fahimci abin da ya raba hukuncin Rojo da na Mandi ya fahimci rabin dokar.

Akwai abubuwan da ke taimaka wa ido wajen auna wannan. Tazara: wanda aka ɗirka wa ƙwallo daga taku ɗaya ba shi da damar kaucewa, wanda ta taso masa daga taku ashirin yana da ita. Ƙarfin bugu. Ko ta karkace daga ƙafarsa ko cinyarsa ko jikin wani kafin ta same shi. Ko yana ƙoƙarin janye hannun zuwa jiki ne, ko yana buɗe shi. Sai dai ka kiyaye, babu ɗaya daga cikinsu da ke wanke mutum shi kaɗai. Wanda ya ɗaga hannu sama da kai ba dalili, ko daga taku ɗaya aka buga masa, ko ta fara taɓa gwiwarsa, ya yi laifi, don tun farko bai kamata hannun ya kasance can ba.

Filayen ƙasar Birniwa suna da nasu hali, kuma alƙali mai hankali zai sa shi cikin lissafi. Rairayi ne, wani wurin ƙafa na nutsewa, wani wurin ƙasa ta bushe ta yi tauri. Ƙwallo takan taho a ƙasa lafiya lau, ta ci karo da tudu ko tushen ciyawa ta tashi ta bugi hannun da ke rataye a gefen jiki. Wannan ba laifi ba ne, ko da duk garin ya yi ihu. Zamewa ma ta fi yawa a kan rairayi, musamman ga masu wasa ba takalmi mai ƙusa. Wanda ya faɗi ya dafa ƙasa don ya tare jikinsa, ƙwallo ta zo ta bugi wannan hannun, a bar wasa ya ci gaba. Idan kuwa yana kwance ya miƙa hannun can gefe ya share ƙwallon, ya koma ganganci.

Ana yawan tambaya game da mai kare fuskarsa ko gabansa. Dokar ba ta ware masa wani sashe na musamman ba, da ma'aunin nan dai za ka auna shi. Idan hannun na manne da jiki, ta yadda ko babu shi ƙwallon jikin za ta buga, bai ƙara faɗi ba. Yaron da aka ɗirko wa ƙwallo a fuska daga kusa ya kare idonsa, ni ba zan busa masa ba. Amma wanda ya buɗe gwiwoyin hannu gefe da sunan kare fuska, ƙwallo ta bugi gwiwar, wannan ya ƙara faɗi.

Hanya ta uku ta shafi mai cin ƙwallo kaɗai, kuma a nan babu ruwan doka da niyya ko ɗabi'a. Ba a cin ragar abokan hamayya da hannu, ko bisa kuskure ne. Haka nan idan ƙwallo ta taɓa hannun ɗan wasa, ko yana manne da jikinsa, shi ɗin kuma ya ci nan take, ba ci ba ne. A lura da kalmomi biyu: shi ɗin, da nan take. Idan ta taɓa hannunsa bisa kuskure ta faɗa wa abokinsa, abokin ya ci, ci ne. A watan Agustan 2019 an soke ƙwallon da Gabriel Jesus ya ci wa Manchester City a ragar Tottenham ana dab da tashi, saboda ta goga a hannun Aymeric Laporte kafin ta iso masa. Da dokar lokacin aka soke ta. Tun gyaran 2021, irin wannan ƙwallo tana nan daram. Haka idan ta taɓa hannunsa bisa kuskure a tsakiyar fili, ya ja ta ya yanke mutum biyu sannan ya ci, ba nan take ba ne. Idan kuwa ta bugi hannun ɗan baya ta faɗa ragarsu, ci ne, dokar ragar abokan hamayya ta ambata.

Ina za a ajiye ƙwallo

Hukuncin hannu bugun tazara ne na kai tsaye. Idan ɗan baya ne ya yi a cikin yadi na 18 na gidansu, fanareti ne. Abin dubawa shi ne inda hannu ya haɗu da ƙwallo, ba inda ƙafafun ɗan wasa suke ba. Layi kuma na cikin da'irar da ya kewaye, don haka taɓawa a kan layin yadi na 18 fanareti ce.

Wannan yana nufin sai da layi. Yawancin faɗan da ake yi kan "ciki ne ko waje" tun kafin a take wasa aka shuka shi, lokacin da aka bar fili ba zane. Ka je da wuri. Daga cikin kowane turken raga ka auna mita 16.5 zuwa gefe, sannan mita 16.5 zuwa cikin fili. Ɗigon fanareti mita 11 ne daga tsakiyar layin raga. Ƙaramar da'irar gola mita 5.5. Igiya mai ƙulli a waɗannan tsawo ta fi taku aminci, don takun kowa daban. A zuba toka ko farar ƙasa, kuma da yake rairayi na cinye zane, a sake bi a lokacin hutun rabin lokaci. Ka sa kyaftin biyu su ga ana aunawa.

Batun kati

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa kowane hannu kati ne. Ba haka ba ne. Yawancin laifin hannu bugu ne kawai. Katin gargaɗi yana fitowa idan an yi amfani da hannu an katse hari mai alamar haɗari, ko an yi yunƙurin ci da hannu, ko ta shiga ko ba ta shiga ba, ko an yi yunƙurin hana ci da hannu amma ƙwallon ta shige.

Jan kati na wanda ya hana ci ne, ko ya hana dama bayyananniya ta ci. Kowa na tuna 2 ga Yulin 2010 a Johannesburg, Ghana da Yuruguwai a gasar cin kofin duniya, minti na ƙarshe na ƙarin lokaci: Dominic Adiyiah ya sa kai, Luis Suarez ya tsaya a kan layi ya doke ta da hannu. Jan kati da fanareti. Asamoah Gyan ya buga ta daki ƙarfen sama, Ghana ta fita a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Afirka duka ta ji zafin abin, amma alƙalin ba shi da abin da ya wuce wanda ya yi. Doka ba ta ba alƙali ikon ba da cin da bai shiga raga ba. Za a taso maka da "ai da ta shiga, a ba mu cinmu". Babu wannan a littafi. Kora da fanareti, shi ke nan.

Gyaran 2024 ya raba ganganci da rashin ganganci a cikin yadi na 18. Idan ɗan baya ya hana ci ko dama bayyananniya da gangan, jan kati ne a ko'ina. Idan kuwa laifinsa na ƙara faɗin jiki ne ba da gangan ba, kuma ka ba da fanareti, katin gargaɗi ne. Idan hari mai haɗari kawai ya katse ta wannan hanya, ka kuma ba da fanareti, babu kati sam. A wajen da'ira sassaucin bai shafe shi ba: wanda ya hana dama bayyananniya da laifin hannu zai fita, ko bai yi niyya ba. Hikimar a fili take, fanareti ta riga ta mayar wa waɗanda aka zalunta damarsu, bugun tazara kuwa bai mayar ba.

Mai tsaron gida

Da ya fita daga yadi na 18, shi da kowa ɗaya ne. A nan ma ƙwallo ake dubawa: gola na iya kwanciya ƙafafunsa a waje, muddin ƙwallon da ya riƙe tana ciki ko a kan layi. A cikin da'irarsa ba a taɓa ba da fanareti don ya kama ƙwallo. Abin da ake bayarwa shi ne bugun sai-an-taɓa, wanda ba a ci kai tsaye, kuma alƙali na ɗaga hannu ɗaya sama don a sani. Yana faruwa idan ya kama ƙwallon da abokinsa ya ba shi da ƙafa da gangan, dokar da ta shigo a 1992, ko wadda abokinsa ya jefo masa kai tsaye daga jifan gefe, ko ya sake ta ya kuma ɗauka kafin wani ya taɓa. Wadda aka ba shi da kai ko ƙirji ko gwiwa halal ce. Wadda ta kuɓuce daga ƙafar ɗan baya wajen tare hari ma halal ce, don ba ba shi aka yi ba. Idan abin ya faru a cikin ƙaramar da'ira, a fito da ƙwallon kan layinta na mita 5.5, 'yan baya kuma suna iya jeruwa a kan layin raga tsakanin turaku.

Sabon abu tun Yulin 2025: gola na da daƙiƙa takwas ya saki ƙwallon da ya riƙe. Alƙali zai ɗaga hannu ya ƙirga biyar na ƙarshe da yatsu kowa na gani, idan ya wuce a ba abokan hamayya bugun kwana. Da can daƙiƙa shida ce da bugun sai-an-taɓa, kuma kusan ba mai busawa. Ka gaya wa gololin biyu wannan kafin a fara, don da yawansu ba su ji ba.

Wani abu da ba a cika gani a talabijin ba amma yana faruwa a wurinmu: ɗan wasa ya cire silifa ko takalmi ya riƙe a hannu yana gudu, ƙwallo ta zo ya tare ta da shi, ko ya jefe ta da shi. Duka biyun bugun kai tsaye ne, a cikin yadi na 18 na gidansu kuma fanareti.

Tsayuwa, usur da baki

Duk sanin dokar nan ba shi da amfani idan ba ka ga abin ba. A 1986 a birnin Meziko, Maradona ya doke ƙwallo da hannu ta wuce Peter Shilton na Ingila, duniya ta gani, Ali Bin Nasser na Tunisiya da ke riƙe da usur bai gani ba. Wanda ke bin bayan ƙwallo a miƙe bayan 'yan wasa kawai yake gani. Ka riƙa gudu a karkace, daga kusurwar wannan da'ira zuwa kishiyarta, ta yadda za ka hango tsakanin mai bugu da mai tarewa daga gefe. Idan za a kwaso ƙwallo daga gefe, ka ɗauke ido daga ƙafar mai bugu ka mayar kan hannayen mai tare shi, tun kafin ƙwallon ta tashi. Hoton da kake so shi ne inda hannu yake kafin taɓawa, don bayan taɓawa kowa janye nasa yake yi. Wasanninmu bayan La'asar ake yi, rana na gangarawa yamma, ga ƙurar hunturu. Ka zaɓi gefen da rana za ta kasance a bayanka gwargwadon iko, kuma kada ka yarda a ja wasa har duhun Magariba ya hana ka bambance kafaɗa da damtse.

Idan babu mataimaka masu horo aka ba ka mutum ɗaya daga kowace ƙungiya su riƙe tuta, ka iyakance musu aiki tun farko: fitar ƙwallo kawai. Hannu naka ne.

Kada ka yi saurin busa. Ƙwallo ta bugi hannun ɗan baya tana gangarawa raga, ko ta faɗa gaban ɗan gaba shi da gola, ka ba ta daƙiƙa biyu. Idan ta shiga, ci ne. Alƙalin da ya busa kafin ta haye layi ya kashe wasa, ya ƙwace wa mutane cinsu ya ba su fanaretin da za su iya zubarwa. Idan kuma ka ga taɓawa ka hukunta cewa ba laifi ba ce, kada ka yi shiru kamar ba ka gani ba. Ɗaga murya: "Na gani, babu! A ci gaba!" Shirun alƙali shi ke sa a ɗauka bai gani ba, daga nan kowa ya zama mai ba shi labari.

Kafin a take wasa ka kira kyaftin biyu da masu horar da su, minti biyu sun isa. "Kyaftin, ku ji da kyau. Ba kowace taɓawa zan busa ba. Wanda ya kai hannu, ko ya buɗe shi ba dalili, zan busa. Wadda ta taso daga ƙasa ta sami hannu a jiki, ba zan busa ba, ko a gidanku ko a gidansu. Mai magana da ni kyaftin ne kaɗai." Idan akwai dattijo ko mai unguwa da aka gayyato, a yi wannan bayani a gabansa. Ranar da fili ya rikice, shi ne zai ce, "Ai Malam ya faɗa tun farko."

Daga nan sai riƙe abin da ka faɗa. Tiyar da ka auna wa baƙi da ita a minti na 10, da ita za ka auna wa 'yan gida a minti na 88. 'Yan wasa suna iya jure alƙali mai tsanani, suna iya jure mai sassauci, wanda ba sa yafe wa shi ne mai sauya ma'auni idan ihu ya yi yawa. Kada kuma ka biya kuskure da kuskure, wato ka ga kamar ka cuci wasu a farko sai ka nemo musu fanareti a ƙarshe.

Doka ta ba ka damar sauya hukunci idan ka gane ba daidai ba ne, ko mataimaki na gaskiya ya nuna maka, amma sai kafin a ci gaba da wasa. Da zarar an buga fanaretin ko an take daga tsakiya, magana ta ƙare. Don haka idan kana da shakka, ka riƙe ƙwallon a hannunka, ka kori kowa ya ja baya, ka je gefe ka yi magana da mataimakinka kai da shi. Wayar ɗan kallo da ya ce ya ɗauki bidiyo ba na'urar VAR ba ce, kuma doka ba ta yarda ka duba ta ba. Bayan an tashi ka rubuta minti da lambar ɗan wasa da dalilin kowane kati, ka miƙa wa kwamitin gasar tun a ranar, kafin labarin ya zaga gari ya dawo da wata siffa.